Yadda Muka Sa Fitilun Cikin Silin a Falon Ƙasan Bene, Ba Tare da Hanyar Hawa Sama Ba

Gidan bene ne a wajen Hotoro, aikin kuma a falon ƙasa. Sama dekin kankare ne, a ƙarƙashinsa an rataya silin POP tun shekarun baya, ba a bar ƙofar shiga ko ɗaya ba. Mai gidan yana so a cire ƙwan fitilar da ke rataye a sa masa fitilun LED masu nutsewa cikin silin, waɗanda a kasuwa ake ce wa fitilar POP. Sharaɗinsa guda ne: "Malam, kada a farfasa mini silin." Da gidan kwano ne mai ƙofar silin, yaro zai hau ya ja waya, kafin azahar an gama. A nan kuwa duk abin da za a yi, ta ramin fitilar za a yi shi. Ramin nan shi ne ƙofa, shi ne taga, kuma shi ne wurin da mai gyara zai sa hannu nan da shekara biyar.

Kafin a ɗauko tsani sai da muka san irin silin ɗin, don ba kowanne ake hudawa ba. Idan kankare ne aka yi wa filasta kawai, babu sarari, to ba maganar fitila mai nutsewa, sai dai mai zama a kan fuskar silin, ko a yi sabon POP. Idan tsohon silin ne irin falle-fallen nan na siminti da ake bugawa a jikin katako, ba ma yanka shi, saboda tsofaffin da yawa suna da asbestos, ƙurarsa kuma cuta ce ga huhu wadda ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Namu POP ne na zubi, wanda ake haɗawa da zaren filas a rataya da waya a jikin dekin.

Falon mita 5 ne da mita 4, fanka a tsakiya. Muka tsara fitila 6 masu wat 12, layi biyu, uku-uku. Kowane layi santimita 80 daga dogon bango, tsakanin fitila da 'yar'uwarta mita 1.65, ta ƙarshe kuma santimita 85 daga gajeren bango. Fankar ce ta sa muka matsa layukan zuwa gefe. Fanka mai inci 56 fiffikenta yana kai kusan santimita 71 daga tsakiya, in fitila ta faɗo a saman inda fiffiken ke wucewa, hasken ɗakin zai riƙa walƙiya muddin fanka na juyawa, mutum ya zauna ya rasa abin da ke sa masa ciwon kai. A Kano kuwa fanka ba ta hutawa daga Maris har damina ta kankama. Da wannan tsari, fitilun tsakiya sun yi mita 1.2 daga wuyan fankar. Muka ja zare daga bango zuwa bango muka sa alama da fensir, ba da biro ba, don tawada tana fitowa ta cikin fenti.

Kayan da muka saya a Sabon Gari: fitilu 6 da ɗaya ta ajiya, waya mai faɗi ta 1.5 wadda ke da layif da nutural da at (wayar ƙasa ta kariya) a haɗe, an lulluɓe su da riga ta biyu a waje, mita 20, kwanekta, wato abin haɗa bakin wayoyi, masu maɓalli irin Wago 221 masu baki uku guda 20, ƙananan akwatunan haɗi na roba guda 6, POP kwano ɗaya, da takardar goge. A kan waya ba a rowa. Akwai wadda ake sayarwa da araha, samanta ja kamar tagulla, cikinta alminiyam. Kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye musu. Irin wannan tana karyewa a bakin kwanekta kuma tana zafi a wurin haɗi. Kamfanoni irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna buga sunansu da girman wayar a jikin riga, amma da yake sunan ma ana kwaikwayonsa, kankarewar ita ce shaida. Dalilin da ya sa muka zaɓi mai riga biyu maimakon wayoyi ɗai-ɗai, ja da baƙa, da aka saba zurawa a bututu shi ne, a cikin silin babu bututun da zai kare ta. Waya mai riga ɗaya a kwance a kan POP, ga ɓera, ga bakin wayar rataya mai kaifi, ba ta da kariya. Wanda ya ga dole sai ita zai yi amfani da ita, to ya zura ta cikin bututun roba mai lanƙwasa na milimita 20.

Wajen zaɓen fitila, mun duba direbanta, ƙaramin akwatin nan mai daidaita mata wuta, wanda wasu ke kira cok. Wanda aka rubuta masa 85 zuwa 265V muka ɗauka. Wutar gida a ƙa'ida 230 ce, amma duk mai zama a garin nan ya san yadda take faɗuwa da daddare a wasu unguwanni, kuma direban da aka yi don 220 zuwa 240 kawai sai ya riƙa ƙyaftawa ko ya ƙi kamawa. Launin haske kuma 4000K muka sa. 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, ya fi dacewa da kicin ko shago, 3000K kuma ja-ja ne irin na ɗakin kwana. Abin kiyayewa dai kada a gauraya, kuma a saya duka daga kwali ɗaya.

Gwajin farko da wuta muka yi shi, wutar KEDCO, ba ta janareta ba. Ƙananan janareta da yawa ba a ɗaure nutural ɗinsu da ƙasa ba, sai testa ta kama a wayoyin biyu, ka kasa gane layif. Muka sauke tsohon ƙwai, muka kashe makunnin bango, muka auna da mitar gwajin wuta tsakanin jar waya, wato layif, da at. Ta nuna cikakkiyar wuta alhali makunni a kashe yake. Ma'ana wanda ya yi wayarin ɗin farko nutural ya bi da shi ta makunni, layif kuma ya tafi kai tsaye zuwa fitila. Tsohon ƙwai bai damu da wannan ba, yana mutuwa lafiya lau. LED kuwa sai ta riƙa ɗan haske dishi-dishi cikin dare bayan an kashe ta, iyalin gida su ce fitilar jabu ce. Mafi muni, mai canza fitila zai kashe makunni ya ɗauka ya tsira, wuta tana nan a hannunsa. Gyaran a tsohon akwatin haɗin waya da ke jikin dekin ne: a mayar da layif ya sauka zuwa makunni ya dawo, nutural ya wuce kai tsaye.

Sannan muka kashe wuta, kuma a gidajen Kano wannan ba maɓalli ɗaya ba ne. Mun sauke birekar fitilu, mun sauke babbar bireka, mun mayar da canjoba tsakiya, mun kashe inbata. Inbatar nan ita ake mantawa, alhali yawanci layin fitilu da fanka shi ne ainihin abin da aka ɗora mata. "Ai an ɗauke wuta" ba kashewa ba ce, ana iya dawo da ita hannunka yana kan waya. Bayan mun kashe, muka gwada mitar a kan abin da muka san yana da wuta, muka auna wayoyin, muka sake gwada mitar, don mita mai mataccen batir sifili take nunawa ko'ina. Muka manna salatif a kan birekar, muka gaya wa mutanen gida kada a taɓa.

Yanzu ga wurin da aikin yake cin mutum ko ya ci shi. Ba mu yanka rami ko ɗaya ba sai da muka huda ƙaramar huda ta milimita 6 a tsakiyar kowace alama. Muka samo waya mai tauri irin ta ratayar kaya, muka lanƙwasa ta kamar kusurwar ƙofa, gajeren hannunta santimita 8, wato rabin faɗin ramin da ɗan ƙari. Aka zura ta sama, aka juya ta zagaye ɗaya a ƙasa-ƙasa, aka ɗaga ta aka sake juyawa. In ta zagaya ba ta taɓa komai ba, wurin a buɗe yake. A huda biyar ta zagaya. A ta shida ta tsaya cak a gefe ɗaya, dunƙulen filas ne da wayar da ke riƙe da silin. Wannan ba a yanke shi, shi ke ɗauke da nauyin allon. Muka matsa alamar santimita 10, muka matsa ta abokiyar layinta daidai haka don ido kada ya ga bambanci, ƙaramar hudar kuma ɗan POP a kan yatsa ya toshe ta. Da babban rami aka fara yankawa, da sai faci mai faɗin faranti a tsakiyar falon mutum. Da wannan waya muka auna zurfin sararin ma, santimita 35 daga POP zuwa dekin, ya ishi fitila da direbanta har da saura.

Girman rami daga jikin fitilar ake ɗauka, ba daga abin da aka saba ba. Masu wat 12 galibi suna neman wajen milimita 150 zuwa 155, masu wat 6 wajen 105, masu wat 18 sun haura 200, amma kamfani da kamfani suna bambanta, leɓen da ke rufe bakin ramin kuma siriri ne. Milimita biyar na ƙari ya isa ya bar baƙin layi a gefen fitila. Muka fara gwadawa a kan kwali. Zarton da'ira na dirila yana da kyau a kan allon jifsam na kamfani, amma a POP na zubi haƙoransa suna kama zaren filas su fizge, bakin ramin ya ɓantare. Maganinsa a fara juya dirilar da baya har ta zana da'irar ta yanke fuskar, sannan a juya gaba a hankali ba tare da dannawa ba. Inda allon ya yi kauri, mun ƙarasa da ƙaramin zarton hannu, ba ma zura shi fiye da kaurin allon saboda ba mu ga abin da ke kwance a sama ba. Mun huda gindin robar wanki muka zura a bakin dirilar ta tare ƙura, duk da haka tabarau da takunkumi dole ne, garin POP a ido ba wasa ba ne. Faifan da aka yanke a ajiye su, suna da amfani.

Da ramin farko ya buɗe, muka kunna tocilan ɗin wayar salula da bidiyo, muka zura ta ciki muka juya ta a hankali. Abin da ta nuna mana ya canza tsarin jan wayar gaba ɗaya. Akwai bim na kankare da ya ratsa faɗin falon, ya raba fitila huɗu a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Ya sauko santimita 30 daga dekin, tsakaninsa da bayan POP abin da ya rage bai fi santimita 5 ba, wurare da yawa ma an cushe da filas. A kusurwa kuma ga bututun inci 4 na banɗakin sama. Bim ba a huda shi, ba a sassaƙe shi, rodin da ke cikinsa shi ke ɗauke da benen. Da mun bi tsarin farko, wato layi ɗaya a tafi a dawo ta ɗayan, sai mun tsallake bim sau biyu. Sai muka sake lissafi: daga tsohon akwati zuwa fitila ta farko, a zagaye huɗun da ke wannan gefe, a tsallake sau ɗaya, a ƙarasa da biyun can. Tsawon hanyar mita 12, da rarar santimita 40 a kowane bakin waya ya kai kusan 17.

Jan waya tsakanin ramuka biyu da babu shamaki aiki ne na mutum biyu da tsani biyu. Igiyar jan waya ta roba, fishin tef, tana da kyau a cikin bututu, amma a fili sai ta nannaɗe ta tafi inda ta ga dama. Abin da ya fi ta shi ne siririn bututun PVC na milimita 20, ko murfin tirankin, robar nan da ake rufe waya da ita a jikin bango, mai tsawon mita biyu zuwa uku. Yana lanƙwasa ya shiga ramin, in ya shiga kuma ya miƙe. A ɗaure igiya a bakinsa da salatif, a bar mata ɗan zobe yana reto, a tura shi ta saitin rami na gaba, na can ya sa hannu ko ƙugiyar waya ya kamo zoben. Sai a ɗaura wayar a igiyar, a naɗe mahaɗar da salatif ta yi tsini kamar bakin fensir don kada ta maƙale. Ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja. In ta tsaya, ba a fizga. Yaron da ke riƙe da ɗaya bakin ya ce, "Oga, ta cije," sai muka mayar da ita baya taƙi ɗaya, muka murɗa, ta wuce. Fizga tana feɗe rigar waya a jikin wayar rataya, kuma wannan rauni ba wanda zai gan shi sai ranar da bireka ta fara faɗuwa.

Tsallake bim ɗin ya ci mana lokaci fiye da sauran ramukan duka. Ramin da ya fi kusa da shi santimita 80 ne, hannu ba ya kaiwa. Da bidiyo muka gano inda filas bai toshe ba, muka yi ta gwada bututun yana tokare da kankare saboda bakinsa yana ɗagawa sama. Dabarar da ta yi aiki ita ce sarƙa da maganaɗisu: muka ɗaura 'yar sarƙar ƙarfe a bakin igiya, muka tura ta kusa da bim, sannan daga ƙasan silin muka bi ta da maganaɗisun tsohuwar lasifika muna ja a hankali har ta shige ƙarƙashin bim ɗin ta ɓulla can. Wannan yana yiwuwa ne in allon bai yi kauri sosai ba. Da ta ƙi, abin da ya rage shi ne a yanka ƙaramar taga mai faɗin tafin hannu daf da bim, a karkace bakin zarton yadda gutsuren zai koma ya zauna, a wuce da waya, a sa katako a baya a ɗaure da sukuru, a shafe da POP. A kwaɓa kaɗan-kaɗan don cikin 'yan mintuna yake daskarewa. Faci ɗaya mai kyau ya fi a yi awa uku ana tsokalar silin har wayar rataya ta saki. Inda wayar ta bi ƙarƙashin kankaren mun sa mata guntun bututu mai lanƙwasa don kada ta gogu.

Haɗi kuwa, doka ɗaya muka riƙe: kowane haɗi ya kasance a bakin ramin fitila, inda za a ciro fitilar a jawo shi ƙasa. Ba a ƙara waya a tsakiyar hanya a tura ta cikin duhu. A kowane rami waya biyu ce, mai shigowa da mai fita. Muka feɗe milimita 11, layif da layif da na direba a kwanekta ɗaya, nutural haka, at da at a ta uku. Fitilun nan direbansu waya biyu gare shi, ba ya neman at, amma duk da haka mun kai at har fitila ta ƙarshe muka rufe bakinsa, saboda gobe wani zai iya sa fitila mai jikin ƙarfe. Dukkansu a jere suke a kan layif da nutural ɗaya, kowacce tana samun cikakkiyar wuta, in ɗaya ta mutu sauran ba ruwansu. Bayan an danna maɓallin kwanekta, a ja kowace waya a ji ta riƙe, a sa su cikin akwatin haɗi, rigar waje ta shiga har ciki. Murɗa waya da filaya a naɗe da salatif shi aka fi yi a gari, kuma shi ya fi kawo matsala. Zafin cikin silin yana narkar da gam ɗin salatif ya warware, haɗin ya saki, ya fara tartsatsi. Wayar direba ma siririya ce mai gashi-gashi, ba ta murɗuwa da waya mai tauri ta zauna. Tsohon akwatin dekin ya kasance kusa da rami na farko, hannu yana kaiwa, sai muka gyara juyin makunnin a nan muka rufe shi da murfi, hudar tsohuwar fitilar kuma muka toshe da gutsuren faifan da muka ajiye.

Nauyin wuta ba abin damuwa ba ne a nan. Fitila shida masu wat 12 wat 72 ke nan, bai kai amfiya ɗaya ba, waya 1.5 da birekar amfiya 6 ko 10 sun fi ƙarfinsa nesa. Abin dubawa shi ne birekar da ke kan layin. In aka tarar da mai amfiya 32 a kan waya 1.5, a canza ta, don wayar za ta ƙone kafin ita ta faɗi.

Kafin mu haɗa direbobi mun auna layin: at yana tafiya daga farko har ƙarshe, babu taɓayya tsakanin layif da nutural ko at. Mai mega, wato na'urar gwada lafiyar rigar waya, ya auna da 500V, kada awon ya gaza megom 1, amma sai an cire direbobin tukuna, in ba haka ba gwajin zai iya kashe su. Sannan muka haɗa, muka bar fitilun suna reto, muka mayar da wuta muka kunna. Shida suka kama. Muka kashe makunni muka rufe labule muka jira, babu ko ɗigon haske. Muka gwada a kan inbata da janareta, sannan muka sake kashe komai don sa su a ramuka.

Direba ya fara shiga, a ajiye shi a gefe a kan POP, ba a kan bayan fitilar ba. Bayan fitila yana ɗaukar zafi, kuma zafi ne ke busar da kafasitan cikin direba. Yawancin fitilun da ake cewa sun mutu, direban ne ya mutu, farantin hasken lafiyarsa lau, a sayi direba mai lambobi iri ɗaya a canza. Sifirin biyun da ke riƙe fitila suna da ƙarfi, a ɗaga su da yatsu a shigar da su tare, a raka fitilar har ta zauna. In aka sake su suka bugi bakin POP na zubi, sai ya tsage. A rami ɗaya allon ya yi siriri a gefe, muka ɗora guntun filawud a ciki inda sifirin zai sauka ya raba nauyin. Fitilar ajiyar da direbanta muka miƙa wa mai gidan, tare da takarda mai zanen hanyar wayar da wurin da ta tsallake bim, muka ce a ajiye ta a cikin akwatin bireka.